Litinin Mai Yawo: Wa Ke Tsayar Da Ranar Ista?

A cikin ranakun hutun da gwamnatin Nijar ke bayarwa akwai waɗanda ko yaron lakwal ya san mazauninsu. 18 ga Disamba tana nan inda aka ajiye ta, 3 ga Agusta ba ta motsi, Kirsimeti ma an ɗaure ta a turken 25 ga Disamba. Akwai kuma namu na Musulunci, Sallah ƙarama da Layya da Mauludi, waɗanda kowa ya san tafiyarsu: duk shekara suna ja da baya da kwana 10 ko 11, har su zagaye damina da ɗari da rani su dawo. Sai guda ɗaya da ta ƙi shiga kowane garke, wato Litinin ɗin Ista, wadda takardun gwamnati ke rubutawa Lundi de Pâques. A 2022 ta faɗo ran 18 ga Afrilu, a 2023 ran 10, a 2024 ran 1 ga watan. Mai lura zai ce to, ashe ita ma baya take ja kamar Sallah. Sai ga shi a 2025 ta yi tsalle ta dira ran 21 ga Afrilu.

A nan Damargu Kiristoci 'yan ƙalilan ne, galibi ma'aikatan da aiki ya kawo daga wasu jihohi, da sojoji, da 'yan kasuwa baƙi daga Benin ko Togo ko kudancin Najeriya. Amma ƙofar ofis idan ta rufe ba ta tambayar addinin mai ƙwanƙwasawa. Wata shekara na tarar da wani dattijo zaune a gindin bedi gaban wani ofis, ya taso tun asuba daga wani ƙauye can arewa da Belbeji, ya biya kuɗin babur, yana neman takardar haihuwar jikansa da za a sa lakwal. Na ce masa, "Baba, ai yau hutu ne, sallar Kirista ce." Ya dube ni, ya dubi sama, ya ce, "Ɗana, wace irin salla ce wannan da ba a ce an ga wata ba, kuma bara war haka ba a yi ta ba?"

Na kai tambayar wajen wani abokin aikina Kirista, mutumin yammacin ƙasa da aka turo Tanut. Na ce, "Mushe, wai ku wa ke duba muku wata?" Ya yi dariya ya ce shi dai Fada ke sanarwa a coci, kuma kalanda na zuwa da ranar a rubuce tun farkon shekara. Ban ga laifinsa ba. Mu ma nawa ne cikinmu za su iya bayanin abin da ya sa wani wata ke yin 29 wani ya cika 30?

Ƙa'idar kanta gajera ce. Ana jiran 21 ga Maris. Daga nan a nemi daren sha huɗun wata na farko da ya faɗo a ranar ko bayanta. Lahadin da ke bin wannan sha huɗu ita ce Ista. Idan sha huɗun ya faɗo ranar Lahadi, ba a yi a ranar, sai Lahadi ta sama. Abu uku ke nan aka ɗaure da igiya ɗaya: tafiyar rana, tafiyar wata, da kwanakin mako. Saboda haka Ista ba ta taɓa riga 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu. Gidaje 35 take yawo a cikinsu. Na farkon rabonta da shi tun 1818, ba za ta koma ba sai 2285. Na ƙarshen ta kwana a cikinsa a 1943, za ta sake a 2038.

Me ya kawo wata cikin sha'anin mutanen da kalandarsu ta rana ce? Asalin abin daga Yahudawa yake. Kiristoci sun yi imani cewa an gicciye Yesu Almasihu ranar Juma'a a lokacin Idin Ƙetarewa na Yahudawa, ya kuma tashi ranar Lahadi. Mu Musulmi aƙidarmu game da Annabi Isa, alaihissalam, daban ce, kuma ba ita ce maganarmu ta yau ba. Abin da ya shafi lissafi shi ne, Idin Ƙetarewa yana kamawa ne daga yammacin 14 ga watan Nisan, watannin Yahudawa kuwa na jinjirin wata ne kamar namu. Bambancinmu da su, su suna ƙara wata na 13 sau bakwai cikin kowace shekara 19, don kada Nisan ya sulale daga lokacin da sha'ir ke nuna a ƙasarsu. Mu kuwa Suratut Tauba ta tsayar mana da wata 12, ta haramta wasa da watanni irin wanda Larabawa ke yi kafin Musulunci. Shi ya sa azuminmu ke zagaya shekara cikin kimanin shekara 33, Ista kuwa ta ja baya sau ɗaya ko sau biyu, igiyar 21 ga Maris ta fizgo ta gaba. Wancan tsallen na 2025 shi ne watan da aka ƙara, yana ɓoye cikin lissafi.

Akwai abin da ke ba ni dariya idan na ji gidajen rediyo na cewa Ista bikin bazara ne. A Turai da ƙasashen bakin Bahar Rum, 21 ga Maris ƙofar fita daga sanyi ce: dare da yini sun daidaita, ƙanƙara ta narke, itatuwa na toho, tumaki na haihuwa. Mu a Tanut muna kusan daraja 15 ne arewa da tsakiyar duniya, yininmu mafi tsawo bai fi awa 13 ba, mafi gajarta bai gaza 11 ba, daidaitar dare da yini ba ta ce mana komai. Abin da muka sani a tsakanin ƙarshen Maris da ƙarshen Afrilu shi ne rana na hawa tana neman tsakar ka, wanda take cimmawa wajen farkon Mayu. Zafi ya haura 40, guga na ƙara nisa a rijiya, rumbu ya fara amsa kuwwa, samari sun tafi cin rani, likitoci na fargabar sanƙarau. Makiyayi na lissafin ko shanunsa za su kai ga sabuwar ciyawa. Kalma ɗaya ce aka ara, bazara, amma tasu ta murna ce, tamu ta haƙuri.

Sai dai akwai inda mutumin Damargu ya fi mutumin Faris kusa da gane wannan lissafi, domin mu har yau da ƙidaya biyu muke rayuwa. Mahaifiyata ba ta taɓa sanin Afrilu ba. Aure, suna, takaba, idda, ranar biyan bashi, duk da wata take ƙirga su. Kawuna kuwa, wanda ya yi noman gero duk rayuwarsa, bai taɓa tambayar wane wata ake ciki ba idan zai yi shuka. Taurari yake bi. Malaman hisabi sun gada lissafin manziloli 28, kowane da kwana 13, ɗaya da 14, jimla 365, kuma wannan shekarar rana ce tsantsa ko da ba a kira ta haka ba. Idan Kaza da 'ya'yanta, waɗanda Buzaye ke kira 'yan matan dare, ta fara yin ƙasa a yamma bayan magariba har ta ɓace, kawu ya san lokacin sassabe da gyaran hauya ya yi. Idan ta sake ɓullowa a gabas da asuba, sai ya fara duban hadari. Wata na ibada, tauraro na gona, kowanne da turkensa, ba wanda ya ce sai an haɗa su. Kiristocin farko su suka ce sai an haɗa, kuma wahalar da suka sha ke nan ta ɗaruruwan shekaru.

Mai karatu, kana iya gwada abin da watanmu. Nemi watan Musulunci da 14 ɗinsa ya faɗo ran 21 ga Maris ko bayanta. A 2023 an ɗauki azumi ran 23 ga Maris, 14 ga Ramadan ta kama Laraba 5 ga Afrilu, Lahadi mai bi ita ce 9 ga Afrilu, kuma ranar aka yi Ista. A 2024 an ɗauki azumi ran 11 ga Maris, 14 ta kama Lahadi 24 ga Maris, sai aka tsallaka zuwa 31. Shekara uku a jere, 2022 zuwa 2024, maƙwabtanmu sun yi bikinsu muna cikin azumi, su ma kuwa suna fitowa ne daga nasu azumin na kwana 40. A 2025 sha huɗun Ramadan ya riga 21 ga Maris da mako guda, dole aka jira na Shawwal. Ka ga ke nan ba za ka taɓa ganin Ista da jinjirin wata ba, ba kuma za ka gan ta a duhun ƙarshen wata ba. Kullum tsakanin 15 da 22 ga watanmu take, ko ta goce da kwana guda, lokacin da farin wata ya fara makara wajen fitowa.

Wannan gwaji yana ci a mafi yawan shekaru, amma yana da rami. Ga waɗanda suka yi Sallah ran 30 ga Maris 2025, 14 ga Shawwal ta kama Asabar 12 ga Afrilu, ka ga da sai a ce Ista washegari. Amma sai 20 ga wata aka yi ta. Dalili, watan coci ba na sama ba ne, na takarda ne, kuma a takardar sha huɗun ya faɗo Lahadi 13.

Nan ne zancen ya fi daɗi. Coci ba ta tura kowa kan tudu duban wata. Tun shekara 432 kafin Miladiyya wani masanin taurari na Atina mai suna Meton ya nuna cewa shekarun rana 19 sun yi daidai da watanni 235, bambancin awa biyu ne kacal. Ma'ana, idan wata ya cika a wata ranar kalanda bana, bayan shekara 19 zai sake cika a wannan ranar. A kan haka malaman Iskandariyya ta Masar suka gina jadawali mai layi 19, kowane layi da ranar sha huɗunsa. Ita ma 21 ga Maris kafa ta aka yi, ko da kuwa a zamaninmu daidaitar dare da yini ta fi faɗowa ran 20. Shekarar 2019 ta tona wannan. Daidaitar ta auku daren 20 ga Maris, wata ya cika 'yan awoyi bayanta, ran 21. Da sama ake bi, da an yi Ista ran 24 ga Maris. Amma jadawali ya ce watansa ya cika ran 20, ya riga ƙofa da kwana ɗaya, sai aka jira wata guda cur aka yi ta ran 21 ga Afrilu. Mu muna cewa gani ya kori ji. A can rubutu ne ya kori gani, kuma da saninsu suka zaɓi haka, don mutumin da ke Roma da wanda ke ƙauyen da saƙo ke wata biyu bai kai ba su tashi da biki rana ɗaya.

Ga mai son alƙalami, akwai hanyar da ta samo asali daga dabarar da Gaus, masanin lissafin nan na Jamus, ya fitar a 1800. Raba shekarar da 19 ka riƙe saura. Ninka sauran da 19, ƙara 24, raba da 30, ka sake riƙe saura. Wannan saura na biyu shi ne yawan kwanakin da za ka ɗora kan 21 ga Maris ka sami sha huɗun coci. Ɗauki 2026: saura 12, ninki 228, da 24 ya zama 252, sauransa 12, wato Alhamis 2 ga Afrilu, Ista kuwa 5 ga Afrilu. Ɗauki 2027: saura 13, ninki 247, ya zama 271, sauransa 1, wato Litinin 22 ga Maris, Ista 28 ga Maris. Lambar 24 ɗin tana aiki daga 1900 zuwa 2199. Idan saura na biyu ya fito 29 ana rage masa ɗaya, haka ma idan ya fito 28 alhali sauran farko ya haura 10. Na taɓa ba 'yan aji wannan a matsayin aikin gida, ban faɗa musu ko na mene ne ba sai da suka gama. Yarinyar da ta riga kowa 'yar wani limami ce.

Kafin a kai ga wannan jadawali an sha rigima, irin wadda za mu gane ta da ka. A ƙarni na biyu Kiristocin yankin da yau yake Turkiyya suna bikinsu ran 14 ga Nisan ko wace rana ta kama, na Roma suka ce sai Lahadi. Wajen shekara ta 190 shugaban cocin Roma, Biktor, wanda ɗan arewacin Afirka ne, ya yi barazanar yanke hulɗa da su, sai da wasu manya suka ba shi baki. A 325 Sarki Kustantin ya tara shugabannin coci a Nikiya, garin da yau ake kira Iznik, aka amince kowa ya yi rana ɗaya kuma a daina jiran lissafin Yahudawa. An amince da baki, amma Roma da Iskandariyya sun ci gaba da jadawali daban-daban na tsawon lokaci. A 525 wani malamin coci, Diyonisiyus, ya tsawaita jadawalin Iskandariyya don amfanin Roma, kuma cikin wannan aikin ne ya ƙago ƙirga shekaru daga haihuwar Almasihu. Wato lambar shekarar da ke kan katin ɗan ƙasarka, da wadda dattijon nan ke nema a rubuta wa jikansa, 'yar rigimar Ista ce.

Labarin da ya fi kama da namu a Ingila ya faru. Sarki Oswi na arewacin ƙasar yana bin lissafin malaman Ailan, matarsa kuwa ta taso da na Roma. Masanin tarihinsu Bida ya ruwaito cewa akan sami shekarar da sarki ya sauke azumi yana shagali, sarauniya da mutanenta na da sauran mako guda. Gida ɗaya, salla biyu. Sai a 664 aka yi taro a Witbi, sarki ya yanke a bi Roma. Duk wanda ke da 'yan uwa a tsallaken iyaka ya san wannan yanayi. A 2024 mu a Nijar mun sauko Idi ranar Talata 9 ga Afrilu, Kano da Katsina na bakin azumi sai Laraba. Ka kira ƙanwarka da ke aure a Daura ka ce barka da sallah, ta ce maka ita tuwon buɗa baki take tuƙawa.

Duk shekarar da aka yi haka, sai ka ji wasu 'yan boko a fada suna cewa da za a bar duban wata a koma lissafi da an huta. Ina girmama ilmin falaki, kuma ina ganin ya kamata masu karɓar shaidar ganin wata su riƙa zama da masanansa, ko don a san daren da ganin zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Hukuncin shari'a a kan haka na malamai ne, ba nawa ba. Amma masu zaton lissafi kaɗai ke haɗa kan jama'a, su dubi abin da ya sami masu lissafin.

Kalandar Yuliyos Kaisar da coci ta gada tana ɗaukar shekara kwana 365 da rubu'i, alhali ta gaskiya ta gaza haka da kimanin minti 11. Ƙaramin abu ne, amma duk shekara 128 yana tara kwana guda. Kafin ƙarni na 16 daidaitar dare da yini ta zame zuwa 11 ga Maris, jadawali na nan yana cewa 21. A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya gyara: aka kwanta Alhamis 4 ga Oktoba aka tashi Juma'a 15 ga Oktoba, aka kuma soke kwana uku na ƙari cikin kowace shekara 400. Wannan kalandar da ke rataye a ofisoshinmu don Ista aka gyara ta. Gyaran daidai ne a ilmance, amma tun da daga Fafaroma ya fito, waɗanda ba sa bin sa suka ƙi. Ingila ba ta karɓa ba sai 1752. Cocin Girka da Rasha, da Kibɗawan Masar, da Habasha masu kiran bikin Fasika, har gobe da tsohon lissafi suke fitar da ranar, wanda yanzu ya yi baya da kwana 13. Su 21 ga Maris ɗinsu ita ce 3 ga Afrilunmu. Shi ya sa a 2024 yamma ta yi Ista ran 31 ga Maris, gabas sai 5 ga Mayu. Mu kwana ɗaya ke raba mu muna ta ƙorafi, su mako biyar. Kuma kowane ɓangare na iya faɗa maka ranar bikinsa ta shekara 500 masu zuwa ba tare da kuskure ba.

Ba wai ba su nemi mafita ba. A 1928 majalisar Ingila ta yi dokar kafe Ista a Lahadin da ke bin Asabar ta biyu a Afrilu, dokar na nan a littafi ba a taɓa aiki da ita ba. A 1997 wakilan coci-coci suka zauna a Halab ta Siriya suka ba da shawarar a bi sama kai tsaye da lissafin zamani, a auna daga Ƙudus. Ita ma ta kwanta. A 2025, shekarar da taron Nikiya ya cika 1700, lissafin biyu suka haɗu da kansu ran 20 ga Afrilu, Fafaroma Faransis ya yi ta kiran a mai da haɗuwar ta dindindin, sai ya rasu washegari, ranar Litinin ɗin hutun. A ganina abin da ya gagara a can shi ne wanda ke gagararmu a nan, wato wa za a ji maganarsa. Majalisar Musulunci a Yamai da fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato sama ɗaya suke dubawa.

Wani zai ce me ya dame mu da sallar da ba tamu ba. Ni dai ban manta da Juma'ar 16 ga Janairu 2015 ba, ranar da aka ƙona coci-coci a Damagaram kan zanen ɓatancin da wata jarida ta yi a Faransa, zanen da waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ba su da hannu a cikinsa. Daga cikin abin da ke sauƙaƙa irin wannan akwai ɗaukar maƙwabci tamkar baƙon da komai nasa daga Turai ya zo. Alhali wannan ranar tasu a Masar aka ƙulla lissafinta, da watan da mu ma muke ƙirgawa. Abokin aikin nan nawa duk Sallah sai ya zo gidana da yaransa cin tuwo, ya san ranar Arfa, ya san daren 27, yana gaishe ni da shan ruwa. Ba abin a zo a gani ba ne in ni ma na san mako nawa ya rage masa ya sauke nasa azumin.

Masu zuwa gari daga ƙauye neman takarda ko ganin likita, ga yadda za ta kasance a 'yan shekarun nan. Daga 2025 zuwa 2027 cikin watan ƙaramar Sallah take. A 2028, ran 16 ga Afrilu, za ta tsallaka Zulƙida, ta sake kwana a can ran 1 ga Afrilu 2029. A 2030, in Allah ya kai mu, za ta faɗo 21 ga Afrilu, kimanin mako guda bayan Layya, lokacin da soyayyen nama bai ƙare a kwano ba.